Mahaɗai a cikin sanarwar manema labarai da maƙaloli

Sanya mahaɗai a cikin sanarwar manema labarai da maƙaloli wata dabara ce ta tallata shafukan yanar gizo. A wannan dabara kamfani ko mai shafi yakan rubuta sanarwa ko maƙala, ya saka mahaɗin da ke kai mai karatu zuwa shafinsa, sannan ya rarraba rubutun a wasu shafuka masu yawa. Manufarsa ita ce injunan bincike irin su Google da Bing su ƙirga waɗannan mahaɗai a matsayin shaidar cewa shafin yana da daraja, su ɗaga shi sama a jerin sakamakon bincike. Dabarar reshe ce ta aikin kyautata matsayin shafi a injin bincike, wanda aka fi sani da gajeren sunansa SEO.

Dabarar ta yi tashe daga farkon shekarun 2000 zuwa 2011, lokacin da ake iya ɗaga shafi da yawan mahaɗai kawai. A watan Yuli na 2013 kamfanin Google ya sanya ta a jerin hanyoyin maguɗin da ƙa'idojinsa suka hana, muddin an shirya kalmomin mahaɗin ne domin jan hankalin injin bincike. Matsayin da ake kai a yau shi ne, mahaɗin da mutum ya rubuta wa kansa a cikin sanarwa ko maƙalar da ya rarraba, talla ce, ba shaida ba. Mahaɗin da ke da nauyi shi ne wanda ɗan jarida ko edita ya sanya da zaɓin kansa bayan ya ga abin ya cancanta.

Ma'anar kalmomi

Mahaɗi shi ne kalma, hoto ko adireshin da idan aka latsa shi yake buɗe wani shafi. Yana da sassa biyu: adireshin shafin da ake nufi, da kuma kalmomin da mai karatu yake gani, waɗanda galibi suke fitowa da shuɗin launi. Waɗannan kalmomi su ake kira kalmomin mahaɗi. Idan mahaɗin ya taso daga wani shafi na daban ya nufo shafin mutum, ana kiransa mahaɗi mai shigowa.

Sanarwar manema labarai takarda ce da kamfani, hukuma ko ƙungiya take fitarwa da bakinta domin sanar da 'yan jarida wani sabon abu, kamar fitar da sabon kaya, naɗa shugaba ko bayyana ribar shekara. Maƙala a nan ana nufin rubutun bayani ko nasiha da aka yi domin a buga shi a shafin wasu. Irin wannan maƙala kala uku ce: wadda ake zubawa a rumbunan maƙaloli, wadda ake aika wa wani shafi a matsayin rubutun baƙo, da kuma wadda ake biyan jarida kuɗi ta buga da siffar labari.

Kalmomin nema su ne kalmomin da mutane suke rubutawa a injin bincike, misali "otal mai araha" ko "gyaran waya". Idan aka mai da irin waɗannan kalmomi su zama kalmomin mahaɗi da gangan, sai a ce an yi wa mahaɗin shiri domin injin bincike.

Dalilin da ya sa mahaɗi yake da daraja

Injunan bincike na farko, irin su AltaVista da Lycos, sun fi dogara da kalmomin da ke cikin shafin kansa. Wannan ya sa maguɗi ya yi sauƙi, domin mai shafi yana iya maimaita kalma ɗaya sau ɗari ya hau sama. A 1996 Larry Page da Sergey Brin, ɗalibai a Jami'ar Stanford da ke Amurka, suka fara wani aiki mai suna BackRub, wanda ya zama Google a 1998. Tsarin lissafin da suka gina, wato PageRank, yana ɗaukar kowane mahaɗi tamkar ƙuri'ar da wani shafi ya kaɗa wa wani. Tunanin ya yi kama da yadda ake auna darajar takardar bincike a jami'a ta hanyar ƙirga sau nawa wasu masana suka ambace ta.

A tsarin PageRank ƙuri'u ba su yin daidai da juna. Mahaɗi daga shafin da shi ma yake da masu nuno shi da yawa ya fi nauyi a kan mahaɗi daga shafin da ba kowa ya san shi ba. Kuma kowane shafi yana raba nauyinsa ne ga dukkan mahaɗan da ke cikinsa, saboda haka mahaɗi ɗaya cikin biyar ya fi mahaɗi ɗaya cikin ɗari samun rabo.

Abu na biyu shi ne kalmomin mahaɗi. Page da Brin sun lura cewa abin da wasu suke kiran shafi da shi yakan fi bayyana shafin fiye da abin da ya faɗa game da kansa. Don haka Google ya riƙa danganta kalmomin mahaɗi da shafin da aka nufa. Ƙarfin wannan ya bayyana a ƙarshen 2003, lokacin da wasu masu shafuka suka haɗa baki suka riƙa nuna tarihin Shugaba George W. Bush da ke shafin Fadar White House da wasu kalmomi biyu masu ma'anar mummunar gazawa. Shafin ya zama na ɗaya ga duk wanda ya nemi waɗannan kalmomi, ko da yake babu su a cikinsa. Sai a watan Janairu na 2007 Google ya gyara lissafinsa ya kawar da wannan.

Dukkan tsarin ya tsaya ne a kan zato ɗaya: cewa wanda ya sanya mahaɗi wani ne daban, kuma ya sanya shi ne saboda ya ga amfanin shafin. Sanarwar manema labarai da maƙalar da aka rarraba suna karya wannan zato, domin mai shafin ne da kansa yake rubuta mahaɗin, yake zaɓar kalmominsa, yake kuma biyan kuɗin yaɗa shi.

Tarihi

Sanarwa kafin zuwan intanet

Ana danganta sanarwar manema labarai ta zamani ga Ivy Lee, wanda ya yi wa kamfanin jirgin ƙasa na Pennsylvania aiki. A ranar 28 ga Oktoba, 1906 jirgin ƙasa ya faɗa ruwa daga kan gada a Atlantic City, fiye da mutum 50 suka rasu. Lee ya shawo kan kamfanin ya fitar da bayani a rubuce ga 'yan jarida maimakon ya yi shiru. Daga baya aka kafa kamfanonin da sana'arsu ita ce isar da irin waɗannan takardu ga ɗakunan labarai. Herbert Muschel ya kafa PR Newswire a New York a 1954, Lorry Lokey kuma ya kafa Business Wire a San Francisco a 1961. A wancan zamani edita kaɗai ne yake ganin sanarwar, shi ne kuma yake yanke shawarar ko ta shiga jarida ko ta tafi kwandon shara.

Sanarwa ta hau yanar gizo

Da intanet ta yaɗu, kamfanonin rarraba sanarwa suka fara ajiye kowace takarda a shafinsu, inda kowa zai iya karantawa. A 1997 David McInnis ya kafa PRWeb, wanda ya sauƙaƙa wa ƙananan 'yan kasuwa aika sanarwa da kuɗi kaɗan. A watan Satumba na 2002 aka buɗe Google News, kuma sanarwa ta riƙa bayyana a cikinsa kusa da labaran jaridu. Ban da haka, shafukan gidajen talabijin, ƙananan jaridu da shafukan hada-hadar kuɗi sukan kwafi sanarwar kai tsaye ta na'ura, ba tare da wani ya duba ta ba. Sanarwa ɗaya tana iya fitowa a shafuka da dama cikin 'yan sa'o'i, da mahaɗanta gaba ɗaya.

Masu sana'ar SEO suka gane cewa wannan hanya ce ta samun mahaɗai masu yawa cikin sauri. Sai aka fara rubuta sanarwar da babu wani labari a cikinta, wadda ba a yi ta domin ɗan jarida ba, an yi ta ne kawai domin ta ɗauki mahaɗai uku ko huɗu masu kalmomin nema.

Rumbunan maƙaloli

A daidai wannan lokaci aka samu shafukan da suke karɓar maƙaloli kyauta daga kowa, irin su EzineArticles, GoArticles da ArticlesBase. Yarjejeniyar ita ce marubuci ya ba da rubutu, rumbun ya samu kuɗin talla daga masu karatu, shi kuma marubucin a ba shi ɗan fili a ƙarshen maƙalar ya gabatar da kansa ya saka mahaɗi. An kuma yarda wasu shafuka su kwafi maƙalar, da sharaɗin kada su cire mahaɗin.

Da gasa ta yi tsanani, sai aka ƙirƙiro manhajojin da suke juya maƙala ɗaya ta zama ɗaruruwa ta hanyar musanya kalmomi da masu kama da su. Sakamakon yakan zama rubutu mai wuyar karantawa, amma injin bincike na lokacin yana ganin kowanne a matsayin sabon rubutu. Wasu manhajojin kuma aikinsu shi ne zuba waɗannan maƙaloli a rumbuna da yawa a lokaci guda.

Yadda ake aiwatar da dabarar

Mai shafi yakan fara da zaɓar kalmomin neman da yake son ya yi fice a kansu. Sannan a rubuta sanarwa ko maƙala mai kalmomi ɗari uku zuwa ɗari biyar, a cusa waɗannan kalmomi a cikin jimloli, a mai da su mahaɗai. Misali, mai sayar da injin ba da wuta ba zai sanya sunan kamfaninsa a matsayin mahaɗi ba. Zai sanya "janareta mai araha" a sakin layi na farko, "gyaran janareta" a na biyu, kowanne yana kai mutum wani sashe na shafinsa. Daga nan sai a biya kamfanin rarrabawa, wanda zai dawo da rahoton shafukan da sanarwar ta fito.

Alamomin da ake gane irin wannan aiki da su sun haɗa da maimaituwar kalmomin mahaɗi iri ɗaya a shafuka masu yawa, rubutu ɗaya da aka kwafa ba canji, bayyanar mahaɗai masu yawa a rana ɗaya, da kuma rashin alaƙa tsakanin shafin da ya ɗauki rubutun da abin da ake tallatawa. A mahaɗan da mutane suke sanyawa da kansu, kalmomin sukan bambanta: wani ya rubuta sunan kamfani, wani ya liƙa adireshin, wani ya ce "duba nan".

Matakan injunan bincike

Alamar nofollow

A watan Janairu na 2005 Google ya fito da alamar rel="nofollow", Yahoo da MSN Search suka mara masa baya. Idan aka liƙa wa mahaɗi wannan alama, mai karatu yana iya latsa shi kamar kullum, amma an shaida wa injin bincike kada ya ɗauke shi a matsayin ƙuri'a. Daga baya Google ya buƙaci a riƙa sanya ta a kan duk mahaɗin da aka biya kuɗi a kansa. A watan Janairu na 2007 Wikipedia ta Turanci ta sanya alamar a kan mahaɗan da ke fita daga maƙalolinta, domin rage masu shigowa su dasa adireshinsu.

Panda da Penguin

A watan Fabrairu na 2011 Google ya yi wa lissafinsa gyaran da aka sa wa suna Panda, wanda kamfanin ya ce ya shafi kusan kashi 12 cikin 100 na binciken da ake yi a Amurka. An yi shi ne domin sauke shafukan da suke cike da rubutu mara zurfi ko wanda aka kwafo. Rumbunan maƙaloli suna cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma EzineArticles ya rasa babban kaso na masu ziyartarsa daga Google.

A ranar 24 ga Afrilu, 2012 aka fito da Penguin, wanda ya nufi maguɗin mahaɗai. Google ya ce ya shafi kimanin kashi 3.1 cikin 100 na binciken da ake yi da Turanci. Shafukan da yawancin mahaɗansu suke ɗauke da kalmomin nema iri ɗaya suka faɗo ƙasa. Masu shafukan da a da suke biyan kuɗi a dasa musu mahaɗi suka koma roƙon a cire. A watan Oktoba na wannan shekara Google ya samar da wata hanyar da mai shafi zai miƙa jerin mahaɗan da ya barranta da su, domin kada a ƙirga masa su.

Ƙa'idar 2013

A ƙarshen 2012 Matt Cutts, shugaban sashen yaƙi da maguɗi na Google a lokacin, ya ce kada a sa ran mahaɗan da ke shafukan sanarwa za su ɗaga matsayin shafi. A watan Yuli na 2013 kamfanin ya ƙara abubuwa uku a jerin ayyukan da ya hana. Na farko, kamfe na rarraba maƙaloli ko rubutun baƙo masu yawa da mahaɗai masu kalmomin nema. Na biyu, tallar da aka biya aka buga ta da siffar labari, tana ɗauke da mahaɗi mai isar da PageRank. Na uku, mahaɗan da aka yi wa shiri a cikin maƙaloli ko sanarwar da aka rarraba a wasu shafuka. Misalin da kamfanin ya bayar shi ne wani ɗan sakin layi game da zoben aure, wanda aka mai da kalmomi irin su zobe, furanni da rigar amarya duk suka zama mahaɗai. John Mueller na Google ya ƙara bayanin cewa a ɗauki sanarwa tamkar talla, a sanya wa mahaɗanta alamar nofollow.

Daga 2014 zuwa yau

A watan Janairu na 2014 Matt Cutts ya bayyana cewa rubutun baƙo domin neman mahaɗi ya lalace, ya shawarci mutane su daina. A watan Mayu na wannan shekara, bayan fitowar Panda 4.0, manyan shafukan rarraba sanarwa, ciki har da PRWeb da PR Newswire, suka ragu sosai a sakamakon bincike. Wata guda bayan haka PR Newswire ya sanar da tsaurara ƙa'idojinsa, yana mai cewa zai riƙa ƙin karɓar sanarwar da ba ta da labari ko wadda aka cika da mahaɗai.

A watan Satumba na 2016 aka shigar da Penguin cikin babban lissafin Google, kuma salonsa ya canza: maimakon sauke shafi gaba ɗaya, sai ya riƙa zubar da darajar mahaɗan bogin kawai. A watan Mayu na 2017 Google ya sake gargaɗi game da kamfe na maƙaloli masu yawa, ya ce hukunci yana iya hawa kan mai rubutun da kuma shafin da ya buga. An yi wasu gyare-gyaren kan mahaɗan bogi a watan Yuli na 2021 da Disamba na 2022. Na biyun ya yi amfani da SpamBrain, wata manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke gano shafukan da suke saye da waɗanda suke sayar da mahaɗai. A watan Maris na 2024 aka ƙara wata ƙa'ida da ta hana manyan shafuka ba da hayar sunansu ga wasu su buga rubutun talla domin cin moriyar darajar shafin, ta fara aiki a watan Mayu.

Ba Google kaɗai ba ne. Yandex na Rasha ya daina ƙirga mahaɗai a wasu binciken kasuwanci na yankin Mosko a 2014, sannan a 2015 ya fito da Minusinsk, wanda yake sauke shafukan da suka sayi mahaɗai.

Misalan hukunci

Hukuncin Google iri biyu ne. Akwai wanda lissafi yake zartarwa da kansa ba tare da sanarwa ba, akwai kuma wanda ma'aikaci yake zartarwa da hannu. Na biyun yana bayyana a Search Console, wato shafin da Google yake sadarwa da masu shafuka, kuma mai shafi yana iya neman a sake dubawa bayan ya gyara.

A watan Fabrairu na 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa kantin J. C. Penney na Amurka yana fitowa na ɗaya a neman kayayyaki da dama saboda dubban mahaɗai da aka dasa a shafukan da ba su da alaƙa da shi. Google ya sauke shafin, kantin kuma ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya sallami kamfanin da ke yi masa aikin SEO.

A watan Janairu na 2012 hukuncin ya faɗa kan Google da kansa. An gano cewa a wani kamfe na tallar manhajar Chrome an biya wasu marubuta, kuma aƙalla ɗaya daga cikinsu ya sanya mahaɗi ba tare da alamar nofollow ba. Kamfanin ya sauke shafin Chrome na tsawon kwana 60.

A watan Fabrairu na 2013 shafin Interflora na Birtaniya, kamfanin da ke sayar da furanni, ya ɓace daga sakamakon Google, har ga wanda ya nemi sunan kamfanin. An danganta hakan da tallace-tallace masu siffar labari da aka buga a shafukan jaridun yankuna gabanin ranar masoya. An kuma rage wa jaridu da dama makin PageRank. Shafin ya dawo cikin ƙasa da mako biyu, bayan an cire mahaɗan. A watan Maris na 2014 aka hukunta MyBlogGuest, wani dandalin haɗa marubutan baƙo da masu shafuka.

Alamomin mahaɗi a yanzu

A ranar 10 ga Satumba, 2019 Google ya ƙara alamomi biyu a kan nofollow. Alamar rel="sponsored" ta mahaɗin da aka biya kuɗi ko aka ba da wani abu a kansa ce. Alamar rel="ugc" ta mahaɗin da masu ziyara suka sanya ce, ba mai shafin ba. Nofollow kuma ta zauna a matsayin alamar mahaɗin da mai shafi ba ya son a ɗauka ya tsaya masa. Tun daga lokacin Google yake ɗaukar alamomin uku a matsayin shawara, ba umarni ba, wato yana iya yin la'akari da mahaɗin idan ya ga dama. Ana iya haɗa alama biyu a mahaɗi ɗaya. Ga sanarwa da maƙalar da aka biya, sponsored ko nofollow ce ta dace.

Akwai kuma alamar rel="canonical", wadda aka fito da ita a watan Fabrairu na 2009. Aikinta shi ne nuna wa injin bincike wanne ne asalin shafi idan rubutu ɗaya ya fito a wurare da yawa. Ko ba da ita ba, injin bincike yakan zaɓi kwafi ɗaya ya nuna, ya ɓoye sauran. Wannan ne ya sa rahoton da ke cewa sanarwa ta fito a shafuka ɗari ba ya nufin an samu ƙuri'a ɗari.

Amfanin da ya rage wa sanarwa

Hana ƙirga mahaɗan sanarwa bai kashe sanarwar ba, ya mai da ita ne ga aikinta na asali. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suna amfani da ita wajen bayyana sakamakon kuɗi ga kowa a lokaci guda. Hukumomi da ƙungiyoyi suna amfani da ita wajen ajiye matsayinsu a rubuce. A Afirka, kamfanin APO Group, wanda aka kafa a 2007, yana rarraba sanarwar kamfanoni da hukumomi ga kafafen yaɗa labarai na nahiyar.

Ta fuskar injin bincike, amfanin sanarwa yana zuwa ne ta bayan fage. Idan tana ɗauke da labari na gaske, kamar sabbin alƙaluma ko sakamakon bincike, ɗan jarida yana iya rubuta nasa rahoton ya sanya mahaɗi zuwa inda bayanin ya fito. Wannan mahaɗi edita ne ya zaɓe shi, saboda haka ana ƙirga shi. Haka kuma mahaɗin da ke da alamar nofollow yana kawo masu karatu na gaske, yana kuma sa a san sunan kamfani. A kan wannan aka gina ayyuka irin su HARO, wanda Peter Shankman ya kafa a 2008 domin haɗa 'yan jarida da masanan da za su ba su bayani.

Abin da masu wannan sana'a suke bi a yanzu shi ne taƙaita mahaɗan sanarwa zuwa ɗaya ko biyu, amfani da sunan kamfani ko adireshinsa a matsayin kalmomin mahaɗi, nuna shafin da ke ƙara wa mai karatu bayani, da kuma fitar da sanarwa sai idan akwai labari. Rubutun baƙo ma bai haramta ba. Abin da Google ya ce yana dubawa shi ne ko an yi rubutun domin masu karatun wannan shafi, ko kuwa an yi shi ne da yawa domin tara mahaɗai.

Ɓangaren doka

Ban da ƙa'idojin injunan bincike, waɗanda dokokin kamfani ne kawai, akwai dokokin ƙasa game da ɓoye talla. Hukumar Kula da Cinikayya ta Tarayyar Amurka, wato FTC, ta sabunta ƙa'idojinta a 2009 ta wajabta wa marubutan intanet bayyana kuɗi ko kyautar da aka ba su domin su yabi kaya. A watan Disamba na 2015 ta fitar da bayani na musamman game da tallar da ke kama da labari. A Birtaniya hukumar ASA ce take bin irin wannan. Alamar sponsored ba ta wadatar a nan, domin injin bincike kaɗai yake ganinta. Dole a rubuta a fili inda mai karatu zai gani cewa rubutun talla ne.

Muhawara

Masu sukar matsayin Google suna cewa kamfanin ya ɗora wa masu shafuka nauyin gyara raunin da ke cikin lissafinsa. Suna kuma cewa tsoron hukunci ya sa jaridu da yawa sun sanya nofollow a kan duk mahaɗan da ke fita daga shafinsu, har da waɗanda suka cancanta. Wasu sun nuna cewa bayan Penguin an samu damar cutar da abokin gasa ta hanyar jibga masa mahaɗan bogi. Amsar Google ita ce lissafinsa yana watsi da irin waɗannan mahaɗai, kuma yawancin shafuka ba sa buƙatar barranta da su.

Akwai saɓani kuma a kan nauyin da mahaɗai suke da shi a yau. A 2016 Andrey Lipattsev na Google ya ambaci mahaɗai cikin abubuwa uku mafi muhimmanci wajen jera sakamako, tare da abin da shafi ya ƙunsa da kuma RankBrain. A 2023 Gary Illyes, shi ma na Google, ya ce mahaɗai sun daina zama cikin ukun farko. Duk da haka cinikin mahaɗai a cikin maƙaloli yana ci gaba, kuma masu shafuka suna yawan samun saƙon masu neman a buga musu rubutu a kan kuɗi. Wanda ya saya yana fuskantar ɗayan abu biyu: ko a yi watsi da mahaɗin kuɗinsa ya tafi a banza, ko a gano shi a sauke shafinsa.

Duba kuma

Injin bincike
PageRank
Sanarwar manema labarai
Hulɗa da jama'a
Tallace-tallace a intanet